Katin "dindindin" ma yana mutuwa, sau da yawa a hannunmu iyaye

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a gidajenmu duk sa'ad da ɗa ya dawo daga Amurka ba shi da lafiya: "Zauna ka warke tukuna, ai katinka na dindindin ne, ba inda za shi." Ƙauna ce ke sa a faɗe ta, amma ba gaskiya ba ce. Da ita ake rufe wa mutum ƙofar da ya yi shekaru yana wahalar buɗewa, ko ta cacar biza ya shiga ko ta aure ko ta aiki.

Ga abin da dokar Amurka ta tanada. Koren katin nan, girin kad, izini ne na wanda gidansa yake can. In mai shi ya wuce kwana 180 a waje, jami'an filin jirgi na iya tsare shi da tambayoyi. In ya cika shekara 1, katin ya daina shigar da shi ƙasar, ko da shekaru 10 da aka rubuta a jikinsa ba su ƙare ba. Wanda ya san zai daɗe sai ya cika takardar I-131 ya nemi izinin sake shiga, mai kaiwa shekara 2. Amma sai yana cikin Amurka zai nema. Daga Maraɗi ko Damagaram ba a neman sa. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle bayan an isa.

Faransa ta fi sassauci: katinta na shekara 10 sai an wuce shekara 3 a jere a waje yake faɗuwa, kuma ana iya roƙon ƙarin lokaci. Amma ita ma tana ƙirga kwanaki.

Wani zai ce, mai zai sa maras lafiya ya baro ƙasar manyan asibitoci ya zo nan? Dalilan a fili suke. Magani can tsada gare shi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye a Girinsboro ko Niyok yana bukatar mai tayar da shi da mai ba shi abinci, abokan zamansa kuwa kowa na wurin aiki. Wanda hankalinsa ya taɓu, uwa tana son ta gan shi a gabanta. Dawowar ba laifi ba ce. Laifin yana cikin abin da muke yi bayan ya sauka.

Sai mu karɓe fasfo mu kulle a akwati. Mu kai shi ƙauye, a yi ruƙiyya, a sha sassaƙe da rubutu, wata ya bi wata, ba wanda ke duba ranar da ya baro can. In ma an je asibiti, takardar magani a nan kantin magani ake barin ta, ta gwajin jini kuma yara su yi wasa da ita. Bayan wata 18 ya miƙe, ya ce zai koma ga matarsa da aikinsa, sai a tarar hanya ta toshe.

Dokar ta bar wata ƙofa: bizar SB-1, ta mazaunin da ke son komawa. Ana cika takardar DS-117 a ofishin jakadanci, a nuna abu uku: yana da izinin zama ranar da ya fito, ya fito da niyyar komawa, kuma abin da ya riƙe shi ya fi ƙarfinsa. Rashin lafiya na cikin irin dalilan da ake dubawa. Sai dai jami'in ba ya karɓar rantsuwar kawu ko shaidar liman. Yana son rahoton likita mai kwanan wata da hatimi, wanda ya faɗi cutar, ranar da aka kwantar da shi, da dalilin da ya hana shi tafiya. Yana son ganin cewa igiyarsa da can ba ta tsinke ba: ya ci gaba da cika takardar haraji a matsayin mazauni, asusun banki na nan, iyali ko gidan haya na nan. Ko an amince, sai ya sake gwajin lafiya ya sake biyan kuɗi. Gidan da bai ajiye takarda ko ɗaya ba, da me zai je?

Na san amsar da za a ba ni: "Lafiya uwar jiki. Takarda ta fi rai ne?" Ba ta fi ba. Amma wa ya ce sai an zaɓi ɗaya? A yi addu'a, a kuma kai shi babban asibitin Yamai ko na Damagaram, ko na Galmi, likita ya gan shi duk wata ya rubuta. Addu'a ba ta hana hatimi. Kuma katin nan ba kwali ba ne kawai: a bayansa akwai kuɗin lakkol na ƙanne, da buhun hatsin bazara, da jikokin da ke can suna jiran ubansu.

Na kuma yarda dokar tana da tsauri. Ɗora wa wanda ke kwance nauyin tabbatar da cewa ba gudu ya yi ba, rashin tausayi ne. Sai dai ba za a canza ta don fushinmu ba. Abin da ke hannunmu shi ne kalanda da jakar takardu.

Abu biyu ya kamata kowane gida ya sani. In ɗanku ya isa filin jirgi aka miƙo masa takardar I-407, ta sallama katin ce da son rai. Yana da ikon ƙin sa hannu, ya nemi a kai maganar gaban alƙalin shige da fice. Sa'annan wanda ya cika shekara 5 da katin, ku matsa masa ya nemi zama ɗan ƙasa, domin ɗan ƙasa ba a ƙirga masa kwanakin jinya a waje.

Ku malaman makaranta, ku ne ake kawo wa wasiƙa ku karanta a unguwa da ƙauye. In kun ji an ce wane ya dawo jinya, bayan kun yi masa sannu da jiki, ku tambayi ranar da ya baro can, ku rubuta wa uwarsa ranar da wata 6 zai cika da ranar da shekara za ta cika. Ku ce a tara kowace takardar asibiti wuri guda. Ku iyaye kuma, in likita ya ce zai iya hawa jirgi, ku sa masa albarka ya tafi kafin lokaci ya ƙure. Da na sani ƙeya ce.