Dokin Inji Da Masu Raunin Ƙwaƙwalwa: Ina Mafita Ga 'Yan Kasuwa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Briqueterie zuwa Tsinga a Yawunde ya san yadda 'yan acaɓa, waɗanda a nan ake kira benskin, ke kutsawa tsakanin motoci, akasari ba hular kwano. In tsautsayi ya faɗa, kai ne ke fara bugun kwalta. Wanda ke da sauran kwana ya bar asibiti, sau da yawa ba ya iya zama daram, balle ya koma rumfa. Haka abin yake ga wanda hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki. Jari ya ƙare a magani, iyali su shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

A ƙasashe irin su Japan da Koriya ta Kudu, masu gashi a asibiti na amfani da wani inji mai sirdi da ke kwaikwayon takun doki. Dabarar ita ce, idan doki na tafiya yakan juya ƙugun mahayi gaba da baya, hagu da dama, kusan yadda ƙugu ke yi in mutum na tafiya da ƙafa. Dole jijiyoyin baya da na ciki su riƙa gyara zama, ita kuma ƙwaƙwalwa tana sake koyon daidaita jiki. Tunanin ya daɗe. Lis Hartel, 'yar Denmak da shan inna ta nakasa, ta ci lambar azurfa a kan doki a gasar Olamfik ta 1952, kuma nasararta ta ƙara jawo hankalin likitoci ga wannan hanya.

Mu da muka gaji hawan sallah daga Kano har Garwa, kada murna ta ɗebe mu. Binciken da aka yi galibi kan mutane kaɗan ne, kuma ya nuna injin ƙari ne a kan gashi, ba madadinsa ba. Sannan yana da tsada, yana son wuta da ƙwararren da zai tsaya a kai. Kada wani ya ɗora majiyyaci kan dokin gida, faɗuwa ta biyu ta fi ta farko muni.

Abin da ke hannunmu biyu ne. Na farko, a kai majiyyaci gashi da wuri maimakon ɓoye shi a ɗaki. Akwai cibiyar naƙasassu ta Etoug-Ebe da Kadinal Léger ya kafa a farkon shekarun 1970. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya buɗe asusun ɗaukar nauyin mambobinsu. Na biyu, hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari.  Allah Ya kiyaye mu.