Wanda ya san gawo ya riga ka kasuwa

Ƴan uwa ɗalibai, na gaji da jin wai maganar muhalli maganar poroje ce, ta masu zama otal a Yamai suna zuba faransanci. Wai ɗan kasuwa riba yake nema, ina ruwansa da itace. Haba! Duk mai faɗin haka bai taɓa zama da manoman Maraɗi ba.

Ni harshe nake karantawa, saboda haka bari in fara da kalma. Abin da masana ke kira da dogon suna a takardunsu, manomi ya raɗa masa "sassaben zamani". In ka zo sharar gona, ka bar kututturen da ya tofo, ka zaɓi rassa masu ƙarfi, ka sare sauran. Tun wajen 1983 Tony Rinaudo ya fara yaɗa wannan dabara tare da manoman Maraɗi. Yau ana lissafin hekta miliyan 5 na gonaki da itace ya dawo cikinsu a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

To ina ribar? Dubi gawo. Da damina yake zubar da ganye, bai hana hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ƴaƴansa su ciyar da dabbobi. Mai gawo a gona ya rage kuɗin taki, ya rage na harawa, ga itacen girki na sayarwa. Maƙwabcinsa da ya aske gona ƙwal, komi saya yake.

Haka albasar Galmi. Lokacin girbi kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas. Wanda ya san yadda ake gina rudu iska na ratsawa, shi ke ajiya har ta yi daraja. Ɗaya ya sayar a wulaƙance, ɗaya ya jira ƴan Gana da Kwadebuwa su zo nema. Ba jari ya raba su ba, sani ne.

Mu fa? Mun gama jami'a muna jiran aikin gwamnati, muna raina tsohon da ke riƙe da wannan ilimi don bai je lakkwal ba. Wannan hutun, ka zauna gaban kakanka da littafi. Tambaye shi sunan kowane icce da amfaninsa, ka rubuta da Hausa. Ran da ya rasu, da jarinka za a binne shi.