Mun Sayi Guga, Ina Rijiyar?

Duk wanda ya riski zamanin da ma'aikacin Gwamnati ke fita rangadi da akwatin fayil-fayil da fitilar ƙwai da gidan sauro, zai tuna cewa da zarar mota ta bar hedkwata an rabu da ofis ke nan sai ranar da Allah ya komo da mutum. In wani abin gaggawa ya taso, sai a buga masa waya ta gidan waya, masinja ya kai ta masaukin baƙi, wani lokaci ma ta iso bayan mai ita ya yi gaba. Yau kuwa ofis yana bin ma'aikaci duk inda ya sa ƙafa. Yana can ƙauye Babban Sakatare zai nemi a aiko masa da rahoto kafin la'asar, kuma babu mai sauraron uzurin cewa ana kan hanya. Haka ma ɗalibi: tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma rajistar jami'a da biyan kuɗin makaranta da neman bashin karatu da takardar kiran masu yi wa ƙasa hidima duk sun koma ta intanet, kowanne da wa'adinsa wanda ba ya jiran kowa.

Wannan hali shi ya sa wata 'yar na'ura, wadda girmanta bai wuce sandar sabulu ba, ta shiga jakar matafiya tare da buroshi da carbi. 'Yan kasuwa suna kiranta MiFi, mu kuwa bari mu ce mata na'urar intanet ta aljihu. Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Ana sa mata layi kamar yadda ake sa wa wayar hannu, ita kuma ta jawo sabis daga turken sadarwa mafi kusa, ta rarraba shi ta Wi-Fi ga kwamfuta da wayoyin da ke kewaye da ita, yawanci har guda goma, a cikin tazarar da ba ta wuce faɗin ɗaki ko biyu ba. Tana da batirinta na kanta wanda kan yi sa'o'i shida zuwa takwas. Wani zai ce ai wayar hannu ma tana wannan aiki, kuma gaskiyarsa. Amma wanda ya gwada ya san yadda waya ke zafi tana zubar da caji in an ɗora mata wannan kaya, ga shi kuma da ita mutum zai nemi taimako in mota ta lalace a daji. Saboda haka ban ga laifin ma'aikaci ko ɗalibin da ya sayi wannan na'ura ba, ni ma ina da ita.

To, amma abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, wannan na'ura matsayin guga gare ta. Ba ta haifar da sabis, ɗebowa take yi daga inda yake. Hausawa na cewa rijiya ta bayar guga ya hana. Mu namu al'amarin a juye yake, gugan ya yarda, rijiyar ce babu. Kwanakin baya aiki ya kai ni wata ƙaramar hukuma tare da abokan aiki uku, aka ce lalle sunayen da muka tattara su isa hedkwata a ranar. Na'urata cike da caji, layina cike da data, amma fitilarta ja wur tun daga hantsi har azahar. Sai da wani yaro ya nuna mana tudun da mutanen garin ke hawa in za su kira 'yan'uwansu, muka hau mu huɗu da manyan riguna, ɗaya na riƙe da kwamfuta, ɗaya ya ɗaga na'ura sama kamar mai neman jinjirin wata. Mun yi dariya a lokacin, amma da na komo na yi tunani sai na ga abin ba na dariya ba ne, domin mu baƙin yini ɗaya ne, mutanen garin kuwa haka suke rayuwa kullum, da malamansu da ma'aikatan asibitinsu da 'ya'yansu masu neman shiga jami'a.

Babu mai musun cewa an ci gaba. Kafin 2001 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, samun layi a gida kuwa sai wane da wane. A watan Janairu na wannan shekara Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar hannu a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta aka fara kira, yau kuma layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. A 2022 har an buɗe sabis na 5G a wasu manyan birane. Sai dai kamfani ɗan kasuwa ne, inda jama'a suka yi cincirindo nan yake kafa turkensa, domin yawancin turakun nan da janareto da man dizal suke aiki, ga kuɗin mai gadi, ga ɓarayin batir. Shi ya sa mutum zai sami sabis mai ƙarfi a Kano ko Kaduna, amma da ya saki babbar hanya ya nufi ƙauye sai abin ya fara raguwa, har ya kai inda ko kira da ƙyar yake shiga. Tsarin ƙasa na yaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025 ya ɗauki burin kai wa kashi 70 cikin 100, wa'adin ya cika ba a kai ba, kuma kowa ya san cewa giɓin ya fi faɗi a karkarar Arewa, inda garuruwa ke nesa da juna.

Ga kuma matsalar tsaro, wadda ta ƙara wa Borno dawaki. A 2012 'yan Boko Haram sun bi turakun sadarwa suna ƙonawa a Arewa maso Gabas, a watan Mayu na 2013 kuma aka rufe sabis a Jihohin Borno da Yobe da Adamawa lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci. A watan Satumba na 2021 aka rufe shi a duk Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya rufewar ta shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. A cikin waɗannan makonni duk wanda ke da na'urar aljihu a can, da ita da dutse bambancinsu kaɗan ne. Kai, ko a birni ma ba a tsira ba: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi da yawa suka tsaya cik. Wanda ya san waɗannan abubuwa ba zai ɗora dukan dogaronsa a kan ɗan akwatin da ke aljihunsa ba.

Magana ta biyu ita ce ta wanda ke biyan kuɗin igiyar gugan. Gwamnati da kanta ta mayar da aikinta kan intanet, kuma daidai ta yi: albashin ma'aikatan tarayya ya fara komawa tsarin IPPIS tun 2007, kuɗin shiga ya koma asusun bai-ɗaya a 2015. Amma a ofisoshi da dama ana tura ƙaramin ma'aikaci rangadi, a ba shi kuɗin mota da kuɗin kwana, a bar shi ya sayi na'ura da data daga albashinsa don ya aika da saƙon Gwamnati. A watan Janairu na 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne da aka tsayar a 2024. A da, wa ya taɓa jin an ce akawu ya sayi kan sarki da kuɗinsa don ya aika da wasiƙar ofis? Data ita ce kan sarkin wannan zamani, ita ce takarda da tawada. Na san wasu manya za su ce in an bayar, kallon ƙwallo da fina-finai za a yi da ita. Amsar wannan mai sauƙi ce: man fetur ma ana iya sace shi, amma ba a hana motar ofis mai ba, littafi aka ajiye wa direba yana rubuta inda ya je. A ajiye na'urorin nan a hannun ma'ajin kayan ofis, mai fita rangadi ya sa hannu ya karɓa, ya komo ya mayar, a duba abin da ya ci.

Magana ta uku ta amana ce, ita kuwa a wuyan matafiyi take. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta zo ta ƙara nauyi a kan duk mai riƙe da sunaye da lambobin mutane. Ma'aikacin da ya sauka a otal ya shiga Wi-Fi na kyauta wanda ba shi da kalmar sirri, ya aika da jerin albashi ko takardar kwangila, ya yi daidai da wanda ya bar fayil a buɗe a kan bencin tasha. Mugu na iya kafa nasa sabis ya sa masa sunan otal ɗin, wanda bai sani ba ya faɗa. A nan na'urar aljihu ta fi aminci nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi. Kalmar sirrin da ta zo da ita a rubuce take a jikinta ko a ƙarƙashin batir, duk wanda ya ɗauke ta na minti ɗaya ya karanta. Wajibi ne a canja ta tun ranar farko, haka ma kalmar shiga shafin sarrafa ta, wadda sau da yawa iri ɗaya ce a dubban na'urori. Sa'an nan ga kara irin tamu: kana zaune a mota, na kusa da kai ya ce, Malam, don Allah ɗan sam mini, kai kuma ka ji nauyin hanawa. To, ka tuna tun Disamba 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta mai shi. In wanda ka sam wa ya yi zamba ko ya aika da barazana, sunanka ne a kan layin, kai za a fara nema.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ga 'yan shawarwari ga mai shirin fita. Ka tambayi mutanen garin da za ka wane kamfani ne ke da sabis a can, domin direbobin tasha sun fi kowace taswira sanin wannan. Na'urar da kamfanin waya ya sayar da araha galibi a kulle take, ba ta karɓar layin wani. In hali ya yi, ka sayi buɗaɗɗiya ka riƙe layi biyu. Wannan ya fi shafar maniyyaci, wanda zai so ya sa layin Saudiyya in ya sauka, da kuma mai zuwa Maraɗi ko Damagaram. Mai aiki a garuruwan bakin iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari ya kashe damar yawon layi, don kada na'ura ta tsallaka ta kama sabis na ƙetare kuɗinsa ya tsiyaye bai sani ba. Kwamfuta kan ɗauka cewa duk Wi-Fi kyauta ne, ta shiga sabunta kanta ta cinye datar wata guda a dare ɗaya. A shiga saitinta a nuna mata cewa wannan na awo ne. Kada a bar na'ura a gaban mota cikin rana, zafi na kumbura batir, in kuma jirgin sama za a shiga, ma'ajin caji a jakar hannu ake sa shi. Ɗalibi kuwa, kada ya bar rajista sai ranar ƙarshe yana kan hanya, ya kuma sauke duk takardun da zai buƙata tun yana gari.

Amma duk wannan gyaran guga ne, haƙa rijiya kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, wato USPF, don kai sabis wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba. Ya kamata a riƙa bayyana wa jama'a, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, turaku nawa aka kafa da kuɗin wannan asusu, guda nawa ne kuma ke aiki har yanzu. Gwamnatocin jihohi su ma da nasu: an amince da naira 145 a kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin binne wayar intanet, Jihar Kaduna ma ta yafe shi ɗungurungum a 2020. Jihar da ta tsawwala wannan haraji ta sami 'yan kuɗi yau, ta jinkirta wa 'ya'yanta ilimi da kasuwanci na shekaru. 'Yan kwangilar hanya da ke tsinke waya da katafila su tafi abinsu, a riƙa sa su biya, tun da a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Sarakuna da masu unguwanni kuma su ɗauki turken da ke ƙasarsu kamar yadda suka ɗauki rijiyar gari, abin da kowa ke sa wa ido.

Ma'aikaci ya sayi gugansa, ɗalibi ma ya matse kuɗin abincinsa ya sayi nasa. Sun yi abin da ke kansu. Saura waɗanda suka ce a aiko da rahoto kafin la'asar su tabbatar akwai inda za a zura shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauke wannan nauyi, ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, amin.