Ilimi Garkuwa: Karatun Mutum-mutumi Ga Wanda Bai Taɓa Haɗa Na'ura Ba

Ga matashi ya kammala digirin farko, bai taɓa haɗa na'ura mai sarrafa kanta ba, amma ransa na kan digiri na biyu a ilimin mutum-mutumi. Shin ƙofa ta rufe masa ke nan? Ko kusa.

Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka ta kafa cibiyar wannan fanni a 1979, ta kuma soma ba da digirin digirgir a kansa a 1988. Irin waɗannan makarantu kan karɓi masu digirin lissafi, kwamfuta, lantarki ko kanikanci, domin fannin haɗakarsu ne. Abin da sukan auna shi ne ƙarfin ɗalibi a aljabara da lissafin yiwuwa, da iya rubuta manhaja da Python ko C++, sai wasiƙun shaida daga malamai, galibi uku.

To, wanda ba shi da ɗakin gwaji, ya sauke manhajar ROS, kyauta ce. Ya gina ƙaramin aiki a kwamfuta, ya bayyana shi cikin takardar neman gurbi. Kada ya ƙara gishiri, domin tambaya ɗaya na iya tona asirinsa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mai rabo sa'a.