Wa ke ƙirga kwanakin aikin da ciwo ke cinye wa Mubi?

A watan Mayun 2018, cutar amai da gudawa ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Hukumomin lafiya sun riƙa bayyana yawan waɗanda suka kamu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abin da irin waɗannan alƙaluma ba sa nunawa shi ne rumfuna nawa suka wuni a rufe, kuma gonaki nawa sharar su ta makara a daidai goshin damina. Wannan asara ce ta haƙiƙa, kuma lokaci ya yi da Adamawa za ta fara auna ta.

Mubi gari ne da ke rayuwa da gumin yau da kullum. Kasuwar shanunta na tara fatake daga Kamaru da Chadi, tana ciyar da dillalai, ’yan dako, direbobi da masu sayar da abinci. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba aikin ofis ko na kamfani mai tsari suke yi ba. Irin waɗannan ba su da hutun jinya: ranar da ɗan dako ya kwanta, ranar tukunyar gidansa ke girgiza.

Asarar kashi uku ce. Akwai kwanakin da marar lafiya ya rasa. Akwai na mai jinya, wadda galibi uwa ce ko ’yar’uwa da ta ajiye sana’arta ta tare a asibiti. Akwai kuma wadda ta fi wuyar gani, wato ta mutumin da ya daure ya fito da zazzaɓi a jikinsa, ya yi rabin aikin da ya saba. Zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, ya fi tsananta ne da damina zuwa farkon kaka, lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa. Manomin da ya rasa mako guda a noman farko ba mako guda kaɗai ya rasa ba. Sai an zo girbi zai ga sauran.

Duniya ta daɗe da gane amfanin wannan lissafi. A 1993 Bankin Duniya ya yaɗa ma’aunin shekarun lafiya da cuta ke salwantarwa. A 2001, masana tattalin arziki John Gallup da Jeffrey Sachs suka nuna cewa ƙasashen da maleriya ta yi wa katutu na baya da kimanin kashi 1.3 cikin 100 a bunƙasar arzikin kowane mutum duk shekara. Birtaniya kuwa ta ƙiyasta cewa ta yi asarar ranakun aiki miliyan 185.6 a 2022 saboda ciwo ko rauni. Sai dai ma’aunin da aka gina kan takardar albashi ba zai kama mai tuya ƙosai ba.

Mubi na da abin da za ta fara da shi. Jami’ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya duk a garin suke. Malamansu da ɗalibansu na iya bin gidaje da ƙungiyoyin ’yan kasuwa sau biyu a shekara, rani da damina, da tambayoyi biyu rak: kwana nawa ciwo ya hana ka fita nema, kuma wa ya bar aikinsa don ya yi jinyarka? Wannan ya fi ɗora wa ma’aikatan jinya ƙarin rubuce-rubuce, alhali aiki ya riga ya yi musu yawa.

Akwai masu fargabar cewa mayar da ciwo lissafin naira zai rage darajar tsoho da jariri, waɗanda ba sa kawo kuɗi gida. Fargabar na da tushe, shi ya sa dole a saka aikin gida da na reno cikin ƙidayar, kuma kada lissafin ya zama ma’aunin wanda ya cancanci magani. Amfaninsa a teburin kasafin kuɗi yake. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, amma har yau ana kallon asibiti a matsayin wurin da kuɗi ke shiga ba ya dawowa.

Ranar da kwamishinan lafiya zai iya ajiye wa majalisar dokoki a Yola takardar da ke nuna kwanakin noma da na kasuwa da Mubi ke rasawa kowace damina, muhawara kan rijiyar burtsatse, magudanar ruwa da gidan sauro za ta sauya salo. Gwamnatin jihar ce ya kamata ta ɗauki nauyin zagayen farko na wannan ƙidaya, kafin wata damina ta kankama.