Ido Ba Mudu Ba Ne

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo ta Kabo zai ga masu walda da maƙera suna gyaran injin niƙa da garmar shanu. Ba mu raina aikinsu ba. Amma in an ba su sandar ƙarfen da ke juya injin, galibi sai gwani ya ɗaga ta, ya kanne ido ɗaya, ya ce ta miƙe. To, karkatar da ba ta wuce kaurin gashin kai ba ido ba ya kama ta, boris kuwa yana jinta. Injin ya dinga rawa, boris ya cinye, mata su koma ga turmi.

Babu ƙarfen da ya miƙe sarai. Saboda haka masana'antu sukan rubuta a kan zane iyakar kuskuren da aka yarda da shi, watau a ce kada karkata ta wuce milimita 0.05 a tsawon sandar. A ganinmu wajibi ne akawunan ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su riƙa sa wannan adadi cikin takardar kwangila, gama abin da ba a rubuta ba, ba a da hujjar ƙinsa ranar karɓar kaya.

Za a ce kayan awo tsada gare su. Lalle haka ne, amma tushen ilmin ba na kuɗi ba ne. A 1840 Joseph Whitworth na Ingila ya bayyana yadda ake goga faranti 3 na ƙarfe da juna bi da bi, ana kankare tudun, har su daidaita. Biyu ba su isa ba, don mai kwari da mai doro sukan haɗu lif alhali duka a karkace suke. Malami ma yana iya sa yaro ya ja layi da rula, ya kifa ta, ya sake ja da gefen nan. Ratar da ta fito ninki biyu ce ta karkatar rular.

A kuma gaya wa yara zancen zafi. Tun 1931 aka tsai da digiri 20 don awon ƙarfe. Da bazara, in zafi ya kai 40, sanda mai mita 1 takan ƙaru da kusan rubu'in milimita, watau wajen ninki 5 na kuskuren da muka ambata a sama.