Kwamfutarku ta yi nauyi? Abin da ya kamata ku sani kafin ku mayar da ita yadda ta fito daga kamfani

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafin da yake bai wa manhajar Windows 10 kyauta, bayan shekara goma da fitowarta a 2015. Wannan labari ya shafi mazauna Damargu kai tsaye, domin akasarin kwamfutocin da ke gidajen malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da magatakardan bankunan cimaka a Tanut da Belbeji na hannu ne, an sayo su bayan sun yi aiki a wani wuri. Idan irin wannan na'ura ta fara jan ƙafa, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a share ta, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Shawarar tana da amfani, amma ba kowane ciwo take warkarwa ba, kuma abin da ta share ba ya dawowa.

Me ya sa ta yi nauyi?

Dalilan iri biyu ne. Na farko yana cikin manhaja: shirye-shirye masu yawa da ke tashi da zarar an kunna na'ura, faifan ajiya da ya cika, da ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yawo a filasha daga wannan ofis zuwa wancan. Wannan shi ne abin da sharewa ke magancewa.

Na biyu yana jikin na'urar. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da hanyoyin iska, sannan zafin Afrilu da Mayu, wanda kan wuce digiri 40, ya zo ya tarar da ita a toshe. Kwamfuta idan ta ɗauki zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Haka nan tsohon faifai mai juyawa yakan gaji. Saboda haka ku fara saurarawa: idan fanka tana ƙugi ba hutawa, ƙasan na'urar kuma yana ƙona hannu, to mai gyara za ku nema ya buɗe ya kakkaɓe ƙura. Idan faifan ne ke ƙaras-ƙaras, ku kwashe takardunku a ranar, ku musanya shi da irin wanda ake kira SSD. Ko sau goma aka share na'ura mai irin wannan matsala, nauyinta yana nan.

Kafin ku taɓa komai

Ku tuna cewa sunayen membobin ƙungiya, lissafin buhunan hatsin da aka ranta lokacin bazara, makin ɗalibai da hotunan iyali sun fi na'urar kanta daraja. Ku kwafe su a wuri biyu dabam, ku buɗe kwafin a wata kwamfuta ku tabbatar yana karantuwa. Ku rubuta kalmomin sirrinku a takarda, da lambar lasisin Office idan kuna da ita, domin duk manhajar da aka ɗora bayan sayen na'urar za ta tafi. Masu rubutu da Hausa su adana tsarin madannan da ke ba su ƙ da ɗ da ɓ. Idan an kulle faifan da BitLocker, ku nemi mabuɗinsa tun da wuri.

Yadda ake yi

Yawancin kwamfutocin Nijar da Faransanci suke magana. A Windows 10 ku shiga Paramètres, sai Mise à jour et sécurité, sai Récupération, inda za ku ga Réinitialiser ce PC. A Windows 11 hanyar ta bi ta Système. Za a ba ku zaɓi biyu. Conserver mes fichiers yana barin takardunku, ya cire manhajoji. Supprimer tout yana share komai, kuma shi ya fi dacewa idan cuta ta yi katutu ko za ku sayar da na'urar.

Daga nan za a tambaye ku inda za a ɗauko sabuwar Windows. Saukowa daga intanet na iya cin fiye da giga 4, wanda nauyi ne ga mai dogaro da layin wayar salula a Tarka ko Gangara. Réinstallation locale ba ya bukatar intanet. Aikin na iya ɗaukar sa'o'i, kuma yankewar wuta a tsakiyarsa kan hana na'ura tashi gaba ɗaya. Ku cika batir, ku bar ta a jone, ku zaɓi lokacin da wuta ta fi tsayawa ko hasken rana ya fi ƙarfi a kan faifan sola.

Abin da sharewa ba za ta dawo da shi ba

Nan ne lamarin ya bambanta da na shekarun baya. Kwamfutar da aka mayar kan Windows 10 za ta yi sauri, amma ƙofofin da ɓarayin intanet suka gano bayan ƙarewar tallafi za su zauna a buɗe, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin kariya na wucin gadi da Microsoft ya buɗe. Wadda ta zo da Windows 7 kuwa, komawa asali na nufin komawa manhajar da aka daina kulawa da ita tun Janairun 2020.

Saboda haka ku duba ko na'urarku za ta ɗauki Windows 11, wadda ke bukatar aƙalla giga 4 na RAM, giga 64 na wurin ajiya da guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Idan ba za ta ɗauka ba, kada ku yi gaggawar yar da ita. Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, ana ci gaba da sabunta su, kuma tare da LibreOffice suna buɗe takardun Word da Excel. Wanda ya zaɓi zama kan tsohuwar Windows, to ya keɓe na'urar ga rubutu da lissafi, ya guji shiga asusun kuɗi da ita, ya kuma riƙa binciken kowace filasha kafin ya buɗe ta.

Gyaran da za a kai Damagaram yana cin kuɗin mota da yini guda, kuma ba tabbas takardunku su dawo tare da na'urar. Don haka ko kwamfutarku lafiya lau take a yau, ku ware rana ɗaya a kowane wata ku kwafe abin da ke cikinta.